Yadda Majigi Ya Cinye Sunan Malam Ilu

Kullum da yamma samarin layinmu suna taruwa a bakin shagon mai talabijin, suna musu kamar za su doki juna. Wannan ya ce jarumin da aka ba lambar yabo bai cancanta ba, son kai aka yi. Wancan ya ce ai ita wadda take fitowa a muguwa ko a gidansu ma haka take, kallon idonta kaɗai ya isa shaida. Rannan jikan maƙwabcina ya ji an ce na taɓa aikin majigi, sai ya yi dariya ya ce, "Baba, ai naku mai sauƙi ne. Hoto yana tafiya, kai kana surutu." Ban tanka masa ba, don da na buɗe baki a lokacin da abin bai yi kyau ba. To ga amsar nan, shi da duk masu yanke wa mutum hukunci daga ganin fuskarsa a allo su karanta, in suna karatu.

Majigi sinima ce mai yawo ƙauye-ƙauye. A shekarun hamsin na yi aikin, kafin a samu mulkin kai, kuma yankin da aka ba motarmu shi ne kudancin Kano, daga Bebeji da Kiru zuwa Tudun Wada har Doguwa. Mu uku ne a mota, direba da mai inji da ni mai bayani. A bayan motar akwai injin wuta mai ƙara da wari, da na'urar haskawa, da farin ƙyalle da muke ɗaurewa tsakanin gora biyu, da gwangwanayen fim masu faɗi kamar faifai. Lasifika tana kan rufi. Fim ɗin kuwa ko dai bebe ne, ko yana Turancin da ba mai ji, sai mu kashe muryar. Duk abin da mutum zai fahimta a filin nan daga bakina zai fito. In na yi shiru, hoto ne kawai yake motsi. In na yi kuskure, gari guda ya tafi gida da kuskurena.

Ranar da Malam Hamza, wanda ya koya mini aikin, ya fara ba ni makirfo, a ɗakin ajiya ne na ofis, ba kowa sai ni da shi. Kafin nan na daɗe ina naɗe waya da wankin ƙyalle. Ya kunna fim ɗin rigakafi ya ce in fara. Na gyara murya na ce, "Ga wani mutum yana tafiya." Ya cire hularsa ya maka mini a ƙeya.

"Makafi ka tara? Sun ga yana tafiya. Faɗa musu inda za shi, da abin da ya fito da shi daga gida."

A hannunsa na koyi cewa magana tana riga hoto da numfashi ɗaya, ba ta bin bayansa. Ba a magana a kan dariyar jama'a, jira ake yi ta sauka. Ana gaida dagaci da liman tun kafin a kunna inji, sannan a ɗaga murya a gaida mata da suke can baya, don in ka manta da su, gobe ba yaron da za a bari ya zo. Kuma dole ka haddace fim tun daga kai har ƙafa, saboda ranar da abu zai lalace ba ya sallama.

A Tudun Wada abin ya taɓa samuna, farkon damina. Gina, ƙwarin nan masu fiffike, ta taso ta rufe hasken na'ura, ana cikin haka fim ya tsinke. Mai inji yana can yana fama da almakashi da gam a hasken fitila, ga fili cike, ga samari a gefe sun fara jifa da ɓawon gyaɗa. Sai da na riƙe mutanen nan da baki kaɗai, ina tambayarsu me suke tsammani zai faru, ina haɗa tsofaffi musu, har aka liƙe fim. Na sauka muryata ta dishe, rigata kamar an tsoma a rafi. Wannan shi ne surutun da yaron nan yake faɗi.

'Yan kallo kuwa kowane gari da halinsa, kuma ba wanda ba alƙali ba ne. Mutanen Bebeji labarai suke so, jirgin ƙasa da kasuwa, a tashi suna gardamar kuɗin gyaɗa. Mutanen Kiru in ba su yi dariya ba sai su ce majigin bana ba gishiri. A wajen Doguwa na taɓa haska fim guda a kan asibiti, da aka gama wani dattijon Bafulatani ya riƙe hannuna ya ce in gaya wa masu hoto naggen nan da ta gitta a baya tana ɗingishi, a duba mata ƙafa. Bai ga likita ba, bai ga allura ba, saniya ya gani.

Amma akwai abu ɗaya da duk suka yarda da shi. Har zuwa lokacin, duk abin da muka haska gaskiya ne. Gadar da muka nuna tana nan, jirgin yana nan, dalar gyaɗa tana nan a Kano, wanda ya je ya dawo ya ce haka take. Mu kanmu da haka muke buɗe taro: ba labari muka kawo muku ba, ku gani da idonku. Har ta kai in gardama ta yi tsanani a kasuwa, wanda ya ce a majigi ya gani shi ya ci. Mutane sun fi amincewa da ƙyallenmu fiye da bakin matafiyi.

Muguwar shekarata ta fara ne ranar da wani Baturen ofishinmu ya zo Yako, wani ƙauye a ƙasar Kiru, da kyamara. An ce masa manoma suna cinye irin shuka in rani ya yi tsawo, to yana so ya yi fim na wasa, manomi biyu, ɗaya na kirki ɗaya rago. Ni aka haɗa shi da ni don tafinta. Ya tambayi dagaci gonar da ta fi kowace kyau, aka kai shi ta Malam Ilu. Ba wanda ya yi musu. Malam Ilu gajere ne, baƙi, mai giɓi, kafaɗarsa ɗaya ta karkace don noma. Rumbunansa suna jere a ƙofar gida ƙarƙashin wata tsamiya mai rassa biyu, kuma ba shekarar da suka taɓa zama wayam.

Bature ya ga gona ta yi masa, fuskar mai gona ba ta yi masa ba. Ya waiga cikin 'yan kallo ya hango Garba Dogo, wani dillalin kasuwar Kiru da ya zo ganin ƙwaƙwaf, dogo, fararen haƙora, tafin hannunsa laushi kamar na jariri. Ya ce wannan shi ne manomin kirki, shi kuma gajeren ya fito a rago. Na ce masa gonar fa ta gajeren ce. Ya ce kyamara tana da nata idon. Na juya na gaya wa Malam Ilu yadda aka ce, ban rage ko kalma ba. Dagaci ya sa baki ya ce a taimaka, baƙin hukuma ne.

Malam Ilu ya ce, "Baƙo ya roƙi abu a ƙofar gidana, ga dagaci a tsaye. Ai wasa ne, ko ba wasa ba ne, Sabo?"

Na ce, "Wasa ne, Baba."

Ya kuwa yi wasan. Ya kwanta a gindin bishiya ya rufe fuska da malfa yana sosa ciki, mutane suna noma a bayansa. Ya tashi ya buɗe buta ta iri ya sa aka daka aka yi tuwo, ya ci har da suɗe yatsu. Aka nuna ruwa ya sauka ba shi da abin shukawa, ya ɗauki ƙwarya ya je ya durƙusa gaban Garba. Garba yana tsaye a gaban rumbunan Malam Ilu, ya ɗebi dawar Malam Ilu ya zuba wa Malam Ilu a ƙwarya, yana kaɗa masa yatsa. Riƙon fartanyar da Garba ya yi a fim ɗin ma, Malam Ilu ne ya koya masa a bayan kyamara, sai da aka maimaita har Bature ya gaji.

Da muka haska a Yako dariya aka yi mai daɗi, don kowa ya san wane ne wane. Daga fita Yako abin ya juye. A ko'ina ina faɗa kafin a fara, ina sake faɗa bayan an gama, cewa wannan wasa ne, mutumin nan babban manomi ne, gonar ma tasa ce. Kamar da bango nake magana. Mutanen da muka yi shekaru muna gaya musu su yarda da idonsu, yau na zo ina ce musu su ƙaryata idon su yarda da bakina.

A Bebeji wani mahauci ya ce mini, "Kai Malam, in wasa ne, ya aka yi ya iya kwanciyar nan haka? Wannan kwanciya ba ta koyo ba ce."

Na kusa da shi ya ce, "Ka dubi yadda yake suɗe hannu. Ni na san rago in na gan shi."

Wata mata a baya ta ce ita matarsa take tausayi. Garba kuwa cewa suke ko a ido ka san ɗan albarka ne. Kun ji hujjar masu kallo, irin wadda samarin layinmu suke kafawa har yau: mutum ya iya aikinsa, saboda haka halinsa ne. Kafin kaka ta ƙare sun raɗa masa suna Maci-Iri. Ba ya cikin takardar ofis, ba daga bakina ya fito ba, nasu ne. Muna shiga gari yara za su biyo mota suna tambaya ko mun zo da Maci-Iri. Ranar da Malam Ilu ya kai dawa kasuwar Bebeji, yara suka bi shi a baya suna sosa ciki, manya suna tambayarsa ta wa aka aiko shi ya sayar.

Da rani aka yi nunin amfanin gona, ofis ya sa garmar shanu a matsayin kyauta ga manomin da ya zama abin koyi. Kun san wanda aka kira. Da lasifikata aka so in sanar, na miƙa wa wani makirfo na ce maƙogwarona yana ciwo. Garba Dogo ya fito cikin babbar riga ya karɓa, fili ya ɗauki tafi da guɗa, mutumin da bai taɓa fitar da dami ɗaya da guminsa ba. Tun daga ranar in na ji ana gardamar wa ya cancanci lambar yabo, raina ɓaci yake yi.

Duk wannan da Malam Ilu ya shanye, don mutum ne mai haƙuri. Abin da ya karya shi maganar ɗansa Musa ce. Musa yana neman wata yarinya a wani ƙauye gaba da Tudun Wada, suna son juna, har an kai goron gaisuwa. A al'ada kafin a amsa sai dangin mace sun bincika asalin gida da sana'a da hali, kuma baffan yarinyar, Malam Isyaku, shi aka ɗora wa binciken. Bai ma sha wahalar tafiya ba. Da aka kwatanta masa uban yaro ya ce ai ya san shi, ya gan shi. Aka mayar da goro da saƙo cewa ba sa ba da 'ya gidan da ake cin iri.

Ranar kasuwar Kiru, da rana tsaka, ina gyaran waya a inuwar mota, Malam Ilu ya zo ya tsaya a kaina. Ko gaisuwar kirki ba mu gama ba.

"Sabo, ka ce mini wasa ne."

"Wasa ne, Baba."

"To wasan ya ƙi ƙarewa. Ka cire ni daga ƙyallen nan, auren yarona zai lalace."

Na je ofis na samu babban akawu. Ya ce wannan fim shi jama'a suka fi nema a duk abin da muke da shi, kuma an buga wa sauran motoci nasu, ko na ƙona nawa ba abin da zai canja. Ya ce, "Mutum ɗaya ne, Sabo, darasin kuwa na lardi ne gaba ɗaya." Mai wannan magana bai taɓa ganin Malam Ilu ba sai a kwance.

Sai na tafi wurin Malam Isyaku da kaina. Dattijo ne mai natsuwa, ba mugu ba, yana dai tsoron jefa 'yar ɗan'uwansa cikin yunwa. Na roƙe shi ya zo Yako ya ga gidan, tunda ido yake so. Da ƙyar ya yarda. Malam Ilu ya sa aka share ƙofar gida, aka yanka kaji, aka shimfiɗa sababbin tabarmi. Bayan gaisuwa ya kai baƙo wurin rumbuna, ya sa aka ɗaga murafe ɗaya bayan ɗaya, ga dawa ga gero ga maiwa har baki. Malam Isyaku yana biye yana kallo. Ya zagaya, ya ɗaga kai ya dubi bishiyar, ya sake duban rumbunan.

"Tsamiyar nan mai rassa biyu na san ta," in ji shi. "Rumbunan nan ma na san su, har wancan mai karkataccen murfi. Na Garba ne."

Na ce, "Malam, ai abin da nake gaya maka ke nan, a nan aka ɗauki hoton."

Bai ko dube ni ba. Ya ce, "Malam Ilu, rashi ba abin kunya ba ne. Amma a ari rumbun maƙwabci don a rufe idon surukai, wannan ban taɓa gani ba."

Maƙwabta suka taso suna rantsuwa, dagaci ma ya aiko. Ya ce ai maƙwabci dole ya rufa wa maƙwabci asiri, su da baki suke faɗa, shi da ido ya gani. Ya hau jakinsa ko ruwa bai sha ba.

Na nemi Garba a kasuwa na ce ya zo ya faɗi gaskiya, magana ɗaya ce. Ya ja ni gefe ya ce, "Malam Sabo, ka rufa mini asiri. In na ce gonar ba tawa ba ce za su karɓe garmar. Kuma yanzu dillancina ya buɗe, kowa so yake manomin kirki ya sayar masa." Ya ba ni goro. Na bar masa abinsa a hannu.

Dabara ta ƙarshe ta Malam Ilu ce. Ya ce ranar da za mu haska a ƙauyen su Malam Isyaku in tafi da shi, ya tsaya da ƙafarsa ya yi musu bayani, su ga mutum ba hoto ba. Na yarda. Ya sa rigarsa ta Juma'a, Musa ya biyo mu. Bayan sallar isha'i fili ya cika, Malam Isyaku yana sahun gaba a kan buzunsa. Na shirya da mai inji, daidai inda rago ya durƙusa da ƙwarya ya tsayar da fim ya kunna fitila. Na ce, "Jama'a, mutumin da kuka gani yana nan tare da mu, zai yi muku magana, ku saurara."

Yana fitowa gaban ƙyalle fili ya kaure. Yara suna tsalle suna cewa ga shi nan ya fito. Bai taɓa riƙe makirfo ba, ya kai shi kusa da baki har lasifika ta yi ƙara, ya ce, "Jama'a, ni ne Ilu na Yako. Wallahi ban taɓa cin irina ba." Dariya ta ninka ta farko. Sun ɗauka cigaban wasa ne muka zo musu da shi. Wani ya ce to wa muka gani yanzu, wani ya ce ai ya fi na ƙyallen ma iyawa. Na karɓi makirfo na yi ta magana, na roƙa, na yi faɗa. Duk abin da Malam Hamza ya koya mini na riƙe taro na gwada, ba wanda ya ci.

Ana cikin haka wata tsohuwa ta ratso mutane tana dogara sanda. Ta kai sa'ar mahaifiyarsa. Ba dariya take ba, fuskarta duk tausayi. Ta kwance bakin zanenta ta fito da ɗan ƙulli a tsumma, ta miƙa masa.

"Ungo, ɗan nan. Iri ne mai kyau. Don Allah bana ka daure ka shuka, kada ka ci."

Tsohuwa ta miƙo abu da zuciya ɗaya a gaban jama'a, ba ɗan mutunci da zai bar hannunta a miƙe. Ina kallonsa, ya dubi ƙullin, ya dubi tsohuwar. Sai manomin da ya fi kowa hatsi a ƙasar Kiru ya durƙusa, ya sa hannu biyu ya karɓa, ya ce, "Allah ya saka da alheri, Inna." Malam Isyaku ya miƙe, ya kaɗe buzunsa, ya tafi gida.

Maganar aure a nan ta mutu. Kafin ruwa ya sauka an ba da yarinyar ga wani. Musa ko kwana bai yi da mu ba, ya wuce Riruwai haƙar kuza, bai ƙara riƙe fartanya ba. Ni kuma na ce bakina ya gama da wannan fim. Mutanen ofis suka mayar da ni naɗe waya har ƙarshen shekara, suka ba wani makirfo, shi kuwa ya ƙara wa rago barkwanci iri-iri, jama'a suna cewa yanzu ne ma fim ɗin ya yi gishiri.

Washegarin daren da tsohuwar ta ba shi iri, da hantsi muka ɗauki hanyar Yako. Malam Ilu yana gaba tsakanina da direba, ƙullin tsohuwa a kan cinyarsa. Sai da muka hango bishiyoyin gari ya ce, "Sabo, ni tun ina yaro aka koya mini in an ba ni aiki in yi shi da kyau. Aka ce in kwanta, na kwanta da kyau."

Ya ce direba ya tsaya. Ya sauka tun kafin mu shiga gari, ya bi ta bayan gonaki zuwa gida.